Hanyar Gandun Daji, Nauyin Wa?

A ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, akwai wuraren da hukuma ta keɓe, ta hana noma da sara a cikinsu. Waɗansu gandun daji ne, waɗansu hurumin kiwo, waɗansu kuwa layukan itatuwa ne da aka dasa don su tare iska da rairayi. Galibinsu suna da 'yar turba wadda sawun mutane da na dabbobi ya fitar, ba wanda ya auna ta, ba wanda ya gina ta. Da rani a bi ta lafiya lau. Da ruwa ya sauka sai ta mutu, ba ta farfaɗowa sai kaka.

To, a nan akwai tambaya. Shin ya kamata mutanen gari su haɗa kuɗi da ƙarfi su gyara irin wannan turba, har ta biyu rani da damina, ko kuwa barinta a mace shi ne alheri ga dajin? In kuwa gyaran ya kamata, wa zai ɗauki nauyinsa, kuma ta wace fuska za a tara kuɗin ba a zalunci kowa ba? Maganar ta yi kama da ta leburori da malaman ayyuka, amma gindinta maganar adalci ce.

Kafin a yi gardamar hanya, ya kyautu a san dalilin keɓe dajin kansa. Wannan abu ba Turawa suka zo da shi ba. Malamai sun karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri kusa da Madina mai suna Naƙi'u domin kiwon dawakin Musulmi. Sayyidina Umar kuma a zamaninsa ya keɓe hurumi, ya sa wani bawansa da ya 'yanta tsaronsa, ya yi masa wasiyya ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garken mawadata. Hujjarsa ita ce, mawadaci in dabbobinsa sun hallaka yana da gona da dabino da zai koma wa, amma matalauci in nasa sun hallaka sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa, ana ce da shi Ta'alimur Radi, ya kawo maganar hurumi a ciki. Watau tun asali hurumi abin mai rauni ne. Mai ƙarfi yana da wani wurin zuwa.

Da Turawa suka zo sai suka sa abin cikin doka. Aka yi Dokar Daji a 1916, aka sabunta ta a 1937, En'e-En'e suka shiga keɓe gandun daji, suka ɗauki malaman daji da masu gadi. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1976 aka rushe En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta, a 1991 kuma aka cire Jihar Jigawa daga ta Kano. A tsakanin nan aka sha farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawa ba su manta da su ba, aka ga abin da rashin itace ke yi wa ƙasa. Shi ya sa a 2007 ƙasashen Afirka suka yi shawarar dasa wata babbar katangar itatuwa daga Sanigal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa hukumar wannan aiki a 2015, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Daji dai ya yi ta sake iyayengiji, amma tsohuwar da ke zuwa tsintar kirare a cikinsa ita ce dai ta jiya.

Yanzu a dubi halin turbar. Ƙasar nan ba iri ɗaya ba ce. Wajen Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, ruwan Agusta ya gangaro da ƙarfi, ya sami turba ta yi kwari saboda yawan bi, sai ya mai da ita rafi. Bana ta zama 'yar kwata, baɗi ta zama kwazazzabo wanda zai ɓoye mutum a tsaye. Wajen Babura kuwa jigawa ce, matsalarta dabam: da rani rairayi ya tsare amalanke har wuya, da damina fadamun da ke tsakanin tuddai su cika, mutum ya yi ta kewaye. Kowace irin ƙasa da nata ciwo, amma waɗanda ciwon ke kamawa su ne dai ɗaya.

Saurayi mai jini a jika ba ruwansa da kwazazzabo, tsalle ɗaya ya wuce. Wanda turba ta mutu wa shi ne tsoho mai maganin gargajiya da ke neman saiwa da sassaƙe, da unguwarzoma mai neman ganyen sabara domin wankan mai jego, da yarinyar da aka aika itace ga ƙaninta a baya, da majemi mai son bagaruwa, da makahon da sandarsa ta saba da wuri, ruwa ya zo dare ɗaya ya sake masa fasalinsa. Akwai kuma waɗanda shan inna ta nakasa. Gaskiya ne a watan Agusta na 1920 ba wanda ya san maganinta, amma a Agustan 2020 an shaida cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka, alhamdu lillahi. Duk da haka waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu a kowane gari, suna tuƙa kekensu mai ƙafa uku da hannu. Keken nan ba ya tafiya cikin rairayi, ba ya haye kwata. Mai shi yana jin labarin tsamiya da kanya da magaryar dajin garinsu kamar labarin wata ƙasa mai nisa, alhali kuwa da ya ɗaga kai yana hango kawunansu. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Doka ce mai kyau, amma ba a taɓa ganin doka ta ɗauki mangala ta cike rami ba.

Abin lura kuma, lokacin da turba ke mutuwa shi ne lokacin da aka fi bukatarta. Da damina rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, gidan talaka yana dogara ga tafasa da ganyen kuka da abin da daji ya bayar. Gonaki sun rufe ko'ina, makiyayi ba shi da wurin kai shanunsa sai hurumi. In burtali ya yanke, shanu ba za su tsaya su yi azumi ba, cikin gonar wani za su ratsa. Faɗace-faɗace nawa aka kai gaban dagaci da alƙali, har aka zub da jini, waɗanda in an bi saiwarsu za a tarar wani mashigi ne ruwa ya ci, aka rasa mai gyarawa? Saboda haka hurumin da mai rauni ba ya iya kaiwa gare shi sai rabin shekara, ya bar manufar da aka keɓe shi dominta.

Amma fa akwai masu ja da wannan magana, kuma ba wawaye ba ne. Suna cewa, wuyar shiga ita ce ganuwar daji. Ran da aka yi hanya, ran nan motar masu gawayi da masu itacen sayarwa za ta iso, ƙirya da marke su tafi Kano a buhu, bayan shekara biyar a wayi gari ga hanya mai kyau, ba dajin zuwa. Suna cewa ai an gani, duk inda kwalta ta ratsa, itatuwan gefenta ne suka fara tafiya. Wannan gaskiya ne, wanda ya musa bai yi tafiya ba.

Sai dai a tambayi masu wannan ra'ayi, wane ne mugunyar turba take hanawa? Ɓarawon itace ƙaƙƙarfa ne, yana da gatari, yana da jaki, wani ma yana da babur, dare kuwa abokinsa ne. Damina ta fi masa daɗi, domin a lokacin ne ya tabbata malamin daji ba zai iso ba, dagaci ba zai leƙo ba, ba kuwa tsohuwar da za ta gan shi ta kai labari gari. Watau lalacewar turba tana korar masu ido, ta bar wa masu gatari wuri. Daji da ake shiga kullum yana da masu gadi ɗari waɗanda ba a biya. Har wa yau, inda babu hanya ɗaya tabbatacciya, hanyoyi goma ne ke fita, kowa ya kewaye taɓo ta inda ya ga dama, a tattake tsiro, a buɗe wa ruwa sababbin ƙofofi. In gobara ta tashi da kaka kuma, hanya sharararriya ita ce ke tsai da wuta, ita ce kuma masu kashewa ke bi.

Amsar tsoron mota tana ga faɗin hanyar. A shari'a, in mutane suka yi jayayya a kan faɗin hanya, ana mai da su ga kamu bakwai. Wannan ya isa jaki biyu da kaya su wuce juna, ya isa amalanke. Turbar cikin gandun daji ba ta ma bukatar haka, abin da zai ɗauki keken gurgu da mai tafiya kusa da shi ya wadatar. A bakinta a kafa turaku masu kauri ko a jera manyan duwatsu, waɗanda Kazaure ba ta rasa su ba, a bar tsakani wanda mutum da jaki da keke za su shige, mota kuwa ta tsaya waje. Burtalin shanu shi dabam ne, faɗi yake so, sai a bar masa faɗinsa na asali, a dasa aguwa ko a kafa alama a gefensa don kada garma ta riƙa cinsa taƙi-taƙi kowace shekara. Wanda ya zo taron gari yana ta matsa a faɗaɗa turbar daji har babbar mota ta shiga, wai don ci gaba, ya kamata a tambaye shi me motar za ta ɗauko.

Saura maganar wanda zai biya. Da yawa za su ce, daji na Gwamnati ne, ita ta hana sara, ita ke karɓar kuɗin lasin, to, ita za ta yi hanya. Suna da gaskiya har wani wuri. Gada a kan babban rafi, da kwalbati mai siminti da ƙarfe, da awon injiniya, waɗannan sun fi ƙarfin ƙauye, kuma karo-karon talakawa bai sauke wa ƙaramar hukuma nauyinta ba. Mutanen ƙasar nan kuwa suna da dalilin yin ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da kwanon tara kuɗi. Kakanninsu sun yi aikin tilas a kan hanyoyi a zamanin Turawa, sun ɗauki ƙasa a ka ba lada. Iyayensu sun biya haraji da jangali har 1979, sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta a lokacin. Ba wanda ke son haraji ya fita ta ƙofa ya komo ta taga, ya sake suna ya zama gudummawa.

Duk da haka akwai abin da kuɗin Gwamnati ba ya sayowa. A ƙetare iyaka a dubi ƙasar Maraɗi da Damagaram. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa da kuɗin hukuma suna mutuwa, domin manomi yana ganin itace na malamin daji ne, abin jawo tara. Daga wajen 1984 sai manoman Maraɗi suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu, suna yi masa aski, suna renonsa, da suka ga amfaninsa nasu ne. Abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ƙasar da ta sake yin itatuwa ta wannan hanya a Nijar ta kai kadada miliyan 5, gawo ya komo gonaki. Ba a kawo sabon iri ba, zuciyar mai gona ce ta juya. Haka hanya take. Wadda ɗan kwangila ya zo ya yi ya tafi, in ta tsage sai a ce tasu ta lalace. Wadda mutum ya zuba kwandon tsakuwa a kanta da hannunsa, in ya ga yaro yana haƙar gefenta, tsawa zai yi masa. A Ingila ma, inda Gwamnati ke da kuɗi, akwai ƙungiya mai suna National Trust, an kafa ta a 1895, tana riƙe da dazuzzuka da bakin teku, galibi da kuɗin da 'ya'yanta ke bayarwa don kansu. Ba talauci ne kaɗai ke sa mutane karo-karo ba.

Bambancin gayya da aikin tilas ba a nauyin kwandon yake ba, kwando ɗaya ne. Bambancin shi ne, a gayya an yi shawara da mutum, ya san abin da za a yi, ya san zai ci moriyarsa, in kuwa ya ce ba shi da hali ba mai kama masa akuya. Saboda haka tara kuɗin hanya ba ya halatta sai an kira kowa an ji bakinsa. Kowa kuwa har da waɗanda ba a saba kira ba. Ardo da mutanensa na ruga su ne suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya. Mata su ne suka fi kowa bin turbar, in al'ada ta hana su zama a dandali, a aika dattijuwa ta jiyo nasu ta kawo. Sarkin makafi da sarkin guragu, in garin yana da su, a zaunar da su kusa, domin hanyar da ta yi musu ta yi wa kowa. Su ne za su faɗi abin da mai ƙafa da ido ba zai tuna ba: kada gangara ta yi tsaye, a jera duwatsu a gefe don sanda ta riƙa ji, a yi ɗan dakali a inuwa bayan kowace 'yar tafiya don tsoho ya huta.

Raba kuɗin daidai wa daida a kan kowane gida kuwa zalunci ne mai kama da adalci. Naira dubu a hannun ɗan kasuwa mai shago a Kazaure kuɗin goro ne, a hannun gwauruwa mai marayu abincin kwana ne. Ya fi kyau a buɗe ƙofofi da yawa. Mai kuɗi ya ba da kuɗi. Manomi ya ba da damin gero ko tiyar wake da kaka, a sayar. Mai jaki ya ba da jakinsa da mangala kwana biyu. Makiyayi ya ba da ɗan akuya, ko ya ja dutse da takarkarinsa. Samari su ba da ƙarfi, mata su dama kunu da fura, maƙeri ya gyara diga da shebur. 'Yan garin da ke Kano da Abuja da Ikko a rubuta musu, yanzu aika kuɗi ta waya ba wuya. Wanda ba shi da ko ɗaya ya zo ya yi addu'a, a rubuta sunansa tare da na kowa, domin kawar da ƙaya daga hanya ma malamai sun lissafa shi cikin sadaka.

A nan akwai tarko guda, shi ne babban mai bayarwa. Wani attajiri ko mai neman kujera zai ce a bar masa aikin duka, shi kaɗai zai yi. Abin da daɗin ji, amma a yi hattara. Wanda ya biya hanya shi kaɗai, gobe shi zai ce ta ina za ta bi, kuma sau da yawa sai a ga ta karkata ta nufi gonarsa. A karɓi kyautarsa da godiya, a sa ta cikin asusu ɗaya da kwabon talaka, shawara kuwa ta zauna a hannun taro.

Sa'an nan amana. Abin da ya kashe aikin gayya a garuruwa da yawa ba rowa ba ne. An taɓa tarawa ne, kuɗin ya shiga aljihun wani, ba a sake jin labarinsa ba, tun daga ran nan kowa ya ɗaure bakin jakarsa. Wanda ya ci kuɗin hanya bai tsaya ga kuɗin ba, ya cinye har da rijiya da makarantar da garin zai tara wa kuɗi nan gaba. Maganin wannan kuwa yana hannun waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci. Littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa. A raba shafi biyu, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, kowane da ranarsa da sunan mai shi. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam, kada su zama 'yan ɗaki ɗaya. Kowace Juma'a bayan an sauko, a karanta lissafin da ƙarfi a ƙofar dagaci, da boko ko da ajami, duk wanda ya ba da ko mudu ɗaya yana da ikon ya ce a maimaita masa. Mutumin kirki ba ya jin haushin a ƙidaya kuɗi a gabansa, hasali ma hutu ne gare shi, an rufe bakin masu zato.

Kafin a sa diga a ƙasa, lalle a nemi izni wurin hakimi da malamin daji na ƙaramar hukuma, a samu a rubuce, domin gandun daji yana da doka, kyakkyawar niyya ba ta hana tara. Su ma su zo su nuna inda za a bi ba a sare babban itace ba. In kuka ko tsamiya ta tsaya a kan layi, hanya ce za ta kauce, ita ta tarar da su.

Aikin kansa ba asiri ba ne. Abokin gaban hanya ruwa ne, dabarar duka ita ce a nuna masa wurin wucewa. A ɗaga tsakiyarta ta yi doro, a yi lambatu a gefe biyu, a zuba marmara ko tsakuwa a daɓe. A mashigin ƙaramin rafi a shimfiɗa duwatsu a ƙasa, ruwa ya bi ta kansu ya wuce, mutane su bi bayan ya janye, wannan ya fi arha, ya kuma fi ƙaramar gadar da ambaliya za ta ɗauke. A bakin kwazazzabo a dasa jema da gamba, saiwarsu ta riƙe ƙasa. A jigawar Babura, inda dutse ke da nisa, a ɗebo jar ƙasa ko laka daga fadama a rufe rairayin da ita, a bar sabara da geza a gefe su tare iska. Lokacin aikin kuwa bayan an gama kai amfanin gona gida, sa'ad da hannu ke da hatsi, ga sanyi, samari kuma ba su tafi cin rani ba tukuna.

Kada a kashe kuɗin duka a shekarar fari. A ajiye wani kashi, ko a sayi tunkiya da shi a ba wani amintacce kiwo da sunan hanya, domin damina za ta zo ta gwada aikin, kuma lalle za ta sami inda aka yi sakaci. A sa wa kowace unguwa yankinta, daga itace kaza zuwa dutse kaza, mai unguwa ya san nasa. A watan Mayu, kafin ruwan fari, kowace unguwa ta fita ta yashe lambatunta, ta cike ramukan da kofato ya yi. In an yi babban ruwa cikin Agusta, washegari mutum biyu su bi turbar tun daga turakun baki har ƙarshenta, ɗaya da shebur, ɗaya da littafi.